Kwana Uku a Madakiya: Zaɓen da Ake Gamawa Kafin Ranar Zaɓe

Bakwai na safe ba ta cika ba muka bar tashar motocin Kafanchan da ke Unguwar Television a Kaduna. Watan Satumba ne na 2024, damina ta yi nauyi, ciyawa ta kai ƙirji a gefen hanya. Wanda zan je wurinsa abokina ne tun muna ɗalibai a Zariya, Bajju ne, malamin makaranta da ya yi ritaya ya koma garinsu Madakiya. Shekara da shekaru yana kirana in zo in ga magangarar ruwan Matsirga lokacin da take cike, ni kuma ina ta sa masa rana. A wannan karon ya ce mini a waya, "Malam, in ka bari ruwa ya janye sai baɗi, kuma ba mu san wanda zai kai baɗin ba." Jin haka na ɗauki jakata.

Muka ratsa Sabon Tasha, muka wuce Maraban Rido da Kujama da Kasuwan Magani, muka miƙi hanyar Kachia. Duk garin da muka shiga, bangon shaguna da sandunan lantarki a lulluɓe suke da hotunan 'yan takara. Zaɓen ƙananan hukumomi na watan Oktoba ya matso, saboda haka fuskokin masu neman ciyaman da kansila sun hau kan tsofaffin hotunan 2023, waɗanda rana ta koɗar, ruwa ya yage, ba abin da ya rage sai rabin hula. Na ce wa direbanmu, wani dattijo mai furfura, "Baba, da alama kasuwar siyasa ta sake ci." Bai ɗauke ido daga titi ba ya ce, "Alhaji, mu namu dangwale ne kawai. Wanda za mu dangwala wa, an riga an zaɓo mana shi a otal." Wata mata da ke bayana ta karɓe, "Gaskiyarka, Baba. Ranar zaɓe a ba mu taliya da sabulu. Ranar fid da gwani kuwa, abin da daliget ke samu sai ya sayi fili." Kallon ruwa ya fito da ni daga gida, amma maganar direban nan ita ta raka ni har ƙarshen tafiyar.

A Kachia muka tsaya shan ruwa. Nan ƙasar citta ce, kuma daga wannan yanki ake samun mafi yawan cittar da Nijeriya ke fitarwa. A daminar 2023 wata cuta ta auka wa gonaki, ta ruɓar da saiwar tun tana cikin ƙasa, manoma da yawa suka rasa har irin da za su shuka. Mai gasa masarar da na saya wurinsa ya ce mini gonarsa ta citta bana masara ce a cikinta. Na riƙe wannan a rai, domin mutumin da jarinsa ya ruɓe a ƙasa, naira dubu biyu a bakin rumfar zaɓe ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa.

Daga Kachia sai Zonkwa, hedikwatar ƙaramar hukumar Zangon Kataf, inda fadar Agwam Bajju take. Daga nan ba nisa sai ga Madakiya, wadda masu garin ke kira Batadon da harshensu na Jju. Gari ne shimfiɗe a bakin titin da ya haɗa Zonkwa da Kafanchan, ga itatuwan mangwaro, ga majami'u, ga duwatsun Kagoro can gabas sun tokare sama. Abokina na tsaye a bakin titi yana jirana. Ya rungume ni ya ce, "Mutumin Zazzau, yau gani ya kori ji." Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ta tarbe ni da ruwan citta mai ɗumi, da daddare kuma ta ajiye mana tuwon acca da miyar karkashi. Hausa ake yi a kasuwa, da ita ake wa'azi a coci, da ita muka yi hirar da ta kai mu tsakar dare.

Na ba shi labarin abin da direba ya faɗa. Ya gyara zama ya ce ai na zo inda ya dace, domin garin nan ya san siyasa ciki da waje. Sanatan Kaduna ta Kudu da aka zaɓa a 2023, Barista Sunday Marshall Katung, ɗan Madakiya ne. Ya wakilci Zangon Kataf da Jaba a Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019, ya tsaya mataimakin Isa Ashiru a takarar gwamna ta 2019, sannan a watan Mayun 2022 ya kayar da sanata mai ci, Danjuma Laah, a zaɓen fid da gwani na PDP. Abokina ya ce, "Ba ina zargin kowa ba ne, Malam, tsarin nake so ka duba. Tun 1999 har 2023 duk sanatan da wannan shiyya ta aika Abuja a PDP ya fito: Haruna Aziz Zeego, Isaiah Balat, Caleb Zagi, Nenadi Usman, Danjuma Laah, sai Katung. Ka ga kenan wanda ya sami tikitin jam'iyyar ya riga ya ci rabin yaƙi. To su wa ke ba da tikitin? Daliget uku daga kowace mazaɓa. Ƙananan hukumomi takwas, ɗaruruwan dubban masu katin zaɓe, amma hukuncin na hannun mutanen da ɗakin taro guda zai ɗauke su."

A lokacin, wannan tsari yana da tushe a doka. Tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum. Majalisar Tarayya ta so ta wajabta 'yar tinƙe, wato duk mai katin jam'iyya ya fito ya zaɓi ɗan takara, amma a Disamban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu. Dokar zaɓen da ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022 ta bar wa jam'iyyu zaɓi uku: 'yar tinƙe, ko daliget, ko maslaha. Sashe na 84 na dokar kuma ya fitar da masu riƙe da muƙamai da tsofaffin shugabanni daga jerin masu kaɗa ƙuri'a, ya bar zaɓaɓɓun daliget kaɗai. Sai adadin ya ƙara tsukewa. A babban taron PDP na 28 ga Mayun 2022, daliget ɗaya ne daga kowace ƙaramar hukuma; Atiku Abubakar ya sami ƙuri'a 371, Nyesom Wike 237. A taron APC na watan Yuni, uku ne daga kowace ƙaramar hukuma. Bola Tinubu ya sami 1,271. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, amma waɗanda suka tace mata manyan 'yan takara biyu ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. Kowa ya san kasuwa: in masu sayarwa kaɗan ne, masu saye kuma da ƙishirwa, farashi sama yake yi.

Abokina malamin lissafi ne, don haka ya jawo takarda da biro. A 2022 kuɗin fom na shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na ɗan Majalisar Wakilai miliyan 10. A PDP na shugaban ƙasa miliyan 40, na gwamna miliyan 21, na sanata miliyan 3.5. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira dubu 30 ne. Ya buga ya ce, "Ƙaramin ma'aikaci, ko bai ci bai sha ba, sai ya tara albashin shekara 55 kafin ya sayi fom ɗin sanata mai tsadar nan. Mai arhar ma sai ya kusa shekara goma. Kuma fom ƙofar gida ce kawai, ba a shiga ɗaki ba tukuna." Ya ajiye biron ya ƙara da cewa a ajinsa ya koyar da yara masu kai da riƙon amana waɗanda da sun yi wa yankin nan wakilci nagari, amma babu ɗayansu da zai iya taka wannan ƙofa sai da ubangida. Wanda kuwa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Washegari da hantsi ya kai ni wani ƙauye da ke kusa, wurin wani magidanci da ya taɓa zama daliget. Muka same shi a gindin mangwaro yana gyaran fartanya. Da ya ji abin da ya kawo mu bai yi wani ɓoye-ɓoye ba. Ya ce, "Yallaɓai, kwana biyu kafin fid da gwani wayata ba ta hutawa. Wanda shekara huɗu bai san ƙofar gidana ba, ranar shi ke tambayar lafiyar tsohuwata. A kwashe mu a kai masauki, kowane ɗan takara ya aiko da yaransa da kayan aiki. Wani ma har sai ya sa ka rantse." Na ce, "Baba, kai ba ka ganin amanar mutanen mazaɓarka ce ake saye?" Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Na sani. Amma ka ji tawa. Shekara huɗu mu ke riƙe da jam'iyya a ƙauye. Mu ke hayar kujeru, mu ke zuwa biki da makoki da sunanta, daga aljihunmu. Ba mai biyan kuɗin kati, ba mai zuwa taron mazaɓa. In sun ci sun tafi Abuja ko Kaduna, lambar waya ma canjawa suke yi. Wannan daren shi ne girbinmu. Kuma da na dawo gida, mutanen da ke zagina su ne suka cika ƙofar nan suna jiran kasonsu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Ban sami abin da zan ƙaryata shi da shi ba, domin abin da ya faɗa ya fito fili a jihar nan a 2022. Jaridu sun ruwaito yadda wani ɗan takarar Majalisar Wakilai a Kaduna, da ya sha kaye, ya bi daliget yana neman a mayar masa da kuɗinsa. Sanata Shehu Sani ya shelanta cewa ba zai ba daliget ko sisi ba a takarar gwamna ta PDP, ya tashi da ƙuri'a biyu. A nan kudu kuma, wani daliget daga ƙaramar hukumar Sanga ya dawo daga taron fid da ɗan takarar shugaban ƙasa ya raba wa marayu da marasa lafiya miliyoyin nairori, ya ce abin da ya samo ne a Abuja. Mutane sun yaba masa, kuma kyautar tasa abin yabo ce. Sai dai tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wanda ya zuba waɗannan miliyoyin, daga ina ya samo su, kuma daga ina zai mayar da su? Amsar tana kan titin da ba a gama ba, da asibitin da babu magani, da ajin da rufinsa ke yoyo.

Dokar 2022 ta sa iyaka: mai neman shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da naira biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan Majalisar Wakilai miliyan 70, kuma kada mutum ɗaya ya ba ɗan takara gudummawar da ta wuce miliyan 50. Ta kuma wajabta wa jam'iyyu su miƙa wa INEC lissafin abin da suka kashe cikin wata shida bayan zaɓe. A takarda komai ya ji. Amma kuɗin da aka ƙirga a ɗakin otal da tsakar dare ba shi da rasit, kuma ba ya shiga littafin kowa.

Da la'asar muka gangara Matsirga. Tun ba mu iso ba muke jin rugugin ruwan. Daga duwatsun Kagoro yake tasowa, ya bi ta cikin gonaki da kurmi, ya zo ya faɗo daga kan dutse mai tsawon kimanin mita 30 zuwa cikin wani kwari mai duhun itatuwa. Feshinsa kamar hazo, ya jiƙa mana riguna tun muna nesa. Na tsaya na daɗe ina tasbihi ga Mahaliccin wannan abu. Wuri ne da ya isa ya ciyar da gari guda da kuɗin masu yawon buɗe ido, amma ban da mu sai wasu samari uku da ke ɗaukar hoto da waya.

A hanyar dawowa abokina ya yi shiru, har muka iso wasu kangwaye da ciyawa ta cinye. Ya tsaya ya ce, "Malam, ka san abin da ya faru a nan." Na sani. Ranar Asabar 16 ga Afrilun 2011 aka yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Goodluck Jonathan na PDP da Muhammadu Buhari na CPC. Kafin a gama bayyana sakamako wuta ta tashi a garuruwan Arewa, ta gangaro kudancin Kaduna. Zonkwa da Matsirga da Kafanchan na cikin wuraren da abin ya fi muni. Kasuwar Kafanchan ta ƙone, masallatai da majami'u suka ƙone a sassan jihar, dubban mutane suka koma 'yan gudun hijira. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 800 suka mutu a jihohi 12 cikin kwana uku, kuma jihar Kaduna ce ta fi kowace asara. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Sheikh Ahmed Lemu. Abokina ya ce, "Na koyar da 'ya'yan Hausawa da Fulani da suka tashi a nan, wasunsu ban sake ganinsu ba. Ka duba waɗanda suka mutu, naku da namu. Manoma ne, 'yan tireda, makiyaya, ɗalibai. Ba ko ɗaya da aka taɓa gayyata ɗakin da ake raba tikiti."

Ni Musulmi ne, shi Kirista, muka tsaya a gaban kangon nan kowa ya yi addu'a a zuciyarsa. Abin da na fahimta a wurin shi ne, siyasar da kuɗi ke buɗe ƙofarta ba ta buƙatar ɗan takara ya zo wa jama'a da manufa. In an tambaye shi me zai yi wa manomin citta, ba shi da amsa, sai ya ɗauko addini da ƙabila, domin su ne kayan kamfe mafi arha kuma mafi saurin kama wuta. Manya su sasanta a Abuja, su sauya sheƙa, su haɗa auren 'ya'yansu. Talaka kuwa ya zauna da maƙwabcin da aka koya masa tsoronsa.

A rana ta uku muka hau Keke Napep zuwa Kafanchan, tafiyar 'yan mintuna. Gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun shekarun 1920, lokacin da ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da wanda ya nufi Kaduna da na Jos. Ma'aikatan reluwe suka taru daga ko'ina, Ibo da Yarabawa da Hausawa da 'yan ƙasa, kuma inda ma'aikata suka taru siyasa ba ta nisa. A shekarun 1950 mutanen wannan yanki sun rungumi ƙungiyoyin tsakiyar Nijeriya da suka dunƙule suka zama UMBC ta Joseph Tarka, a gefe guda ga NPC, ga NEPU ta Malam Aminu Kano. Abokina ya ce mahaifinsa ya sha ba shi labarin yadda suke sayen katin jam'iyya da kuɗin guminsu, su yi karo-karo su biya wa wakilinsu kuɗin jirgi zuwa taro. Jam'iyyar da 'ya'yanta ke ciyar da ita tasu ce. Wadda attajiri ɗaya ke ciyarwa tasa ce, komai yawan masu sa hularta.

Muka wuce babban asibitin garin mai ɗauke da sunan Patrick Ibrahim Yakowa, mutumin Fadan Kagoma, ɗan kudancin Kaduna na farko da ya zama gwamnan jihar. Ya hau kujerar a Mayun 2010 bayan Namadi Sambo ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ya ci zaɓen 2011, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa ranar 15 ga Disamban 2012. Har yau in an ambace shi a nan sai ka ji murya ta sauka.

A wani shagon shayi kusa da tasha muka zauna. Talabijin na nuna yaƙin neman zaɓen Amurka, Kamala Harris da Donald Trump. Wani saurayi, ɗalibi a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin, ya nuna allon ya ce, "Baba, ku duba ƙasar da ta san abin da take yi. Can ba daliget, ba kuɗi." Na ce masa, "Ɗana, zauna mu yi magana, domin daga wurinsu muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, ya kamata mu san abin da muka aro."

Na gaya masa akwai daliget a Amurka, kuma sun daɗe a aljihun iyayen jam'iyya kamar namu. A taron jam'iyyar Dimokurat na 1968 a Shikago, Hubert Humphrey ya sami tikitin shugaban ƙasa ba tare da ya shiga zaɓen fid da gwani ko a jiha ɗaya ba, matasa na zanga-zanga a waje 'yan sanda na dukansu. Fushin da ya biyo baya ya sa jam'iyyar ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sanata George McGovern, kuma daga 1972 aka ɗaure yawancin daliget da ƙuri'ar talakawan jiharsu: abin da jama'a suka zaɓa shi daliget zai kai babban taro. A nan bambancin yake. Nasu ɗan aike ne, namu mai yanke hukunci. Duk da haka ko a 2024, da Joe Biden ya janye ranar 21 ga Yuli, daliget ne suka miƙa wa Harris tuta ba tare da an koma wurin jama'a ba.

Maganar kuɗi kuwa, nasu ya ninka namu nesa ba kusa ba. An ƙiyasta zaɓen 2020 ya ci kimanin dala biliyan 14. Bayan abin kunyar Watergate da ya kori Richard Nixon a 1974, sun tsaurara doka, suka kafa hukumar sa ido kan kuɗin kamfe a 1975. A kakar 2024 mutum ɗaya ba zai ba ɗan takarar tarayya fiye da dala 3,300 a kowane zagayen zaɓe ba, kuma wanda gudummawarsa ta haura dala 200 sai an buga sunansa kowa ya gani a intanet. Amma a 2010 Kotun Ƙolinsu, a shari'ar Citizens United, ta buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyi ƙofar kashe ko nawa ne, muddin ba hannu da hannu suka ba ɗan takara ba. Tun daga nan attajirai ke zuba dukiya a tallace-tallacen siyasa, Amurkawa da yawa kuma na kuka da hakan. Na ce wa saurayin kada ya ɗauka can aljanna ce. Darasi biyu kawai nake so ya riƙe. Na farko, in masu zaɓen ɗan takara miliyoyi ne, sayensu na da wuya: Michael Bloomberg ya kashe kimanin dala biliyan ɗaya daga aljihunsa a 2020, bai ci ko jiha ɗaya ba. Na biyu, gyaran da suka samu ba kyauta aka ba su ba, 'yan jam'iyya ne suka tsaya a cikin jam'iyyarsu suka ƙwace shi.

Mai shayin, wanda tun ɗazu yake sauraro, ya sa baki. Ya ce, "Alhaji, ai ba sai an je Amurka ba. Ga Kaura nan bayan dutse." Gaskiya ya faɗa. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, mutanen mazaɓar Kaura suka zaɓi Donatus Mathew na jam'iyyar Labour, wanda ya yi sana'ar acaɓa, ya kayar da Gideon Gwani na PDP da ya daɗe a Majalisar Wakilai, da tazarar ƙuri'u ɗari biyu da 'yan kai. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris, Uba Sani ya sami 730,002, Isa Ashiru 719,196, tazarar da ba ta kai dubu 11 ba a jiha mai ƙananan hukumomi 23. Ƙuri'a tana da nauyi, kuma mutanen yankin nan sun nuna sun san haka. Abin da ya rage shi ne su kai wannan nauyin inda ake tace 'yan takara. Watanni kaɗan bayan dawowata, a Disamban 2024, ɗan majalisar na Kaura ya koma APC, abin da ya ƙara nuna mini cewa guguwar rana ɗaya ba ta maye gurbin jam'iyyar da ke da saiwa a mazaɓa.

Da safiyar komawata Mama ta ɗaure mini acca da 'yar cittar da ta tsira a bayan gida. Abokina ya rako ni bakin titi. Kafin mota ta tsaya ya ce, "Malam, in za ka rubuta, kada ka tsaya kan zagin 'yan siyasa. Ka gaya wa mutane taron mazaɓa ba a sayen tikitin shigarsa. Ranar da ake zaɓen shugabannin jam'iyya da daliget a garin nan, masu zuwa ba su cika aji biyu ba. Sauran muna gona, muna coci, muna masallaci, sai an gama mu fito muna kuka."

Saƙon nasa nake isarwa. Ya kai mai karatu, ko a Madakiya kake ko a Malumfashi, in kana da jam'iyyar da ta kwanta maka, je ka yanki katinta, ka biya kuɗinsa daga aljihunka, ka halarci taron mazaɓarku. In har ta hannun daliget ake fid da gwani, ka san sunan daliget ɗinku, ka gaya masa wanda kuke so tun kafin a kai shi masauki, kuma in ya dawo kada ka je ƙofarsa neman kaso. Mu matsa wa 'yan majalisarmu su rage kuɗin fom, su ba kowane mai kati damar zaɓen ɗan takara, su sa a riƙa buga sunan duk wanda ya ba da babbar gudummawa. Malamai da fastoci su bar mumbari ya zama wurin haɗa maƙwabta. Tun ran gini ake zane. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Matsirga da Zonkwa da Kafanchan, Ya ba kudancin Kaduna da Nijeriya baki ɗaya zaman lafiya da shugabanni masu amana.